Neman Asali a Wurin Masu Sha

A cikin akwatin ƙarfen da mahaifina ya bari akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta kakana ce. Magatakardan da ya cika ta ya rubuta da Faransanci: né vers 1920 à Dakoro. Kalmomi biyar ke nan, kuma in ka ɗebe ta farko, wadda ke cewa an haife shi, babu wadda mutum zai iya rantsuwa a kanta. Shekarar kintace ce, fuskarsa aka duba aka yanka masa. Garin kuwa wurin da yake tsaye ne ranar da aka tambaye shi. Nasara bai kafa barikinsa a Dakoro ba sai 1947, kuma kowa a gidanmu ya san kakana da ƙafarsa ya zo daga kudu, yana saurayi. Duk malamin da ya taɓa haɗa takardun jarrabawa na ɗalibansa ya san irin wannan shaida, wadda hukuma ta yarda da ita alhali mai ita da kansa dariya yake yi mata.

A Ingila tun 1538 aka umurci limaman coci su riƙa rubuta sunan wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta kafa rajistar baftisma. Ke nan Bature mai neman asalinsa yana da takardu na shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Duk da haka masu wannan bincike a can suna ba juna shawara cewa in ka isa ƙauyen kakanninka, bayan coci da maƙabarta, ka shiga gidan giyar garin ka zauna. A ƙarni na 19 a irin waɗannan gidaje ake taron ƙungiyoyin taimakon juna a Ingila, a nan kuma sau da yawa ake zaman binciken mutuwar da ba a gane kanta ba. Har yau a nan tsofaffin ƙauye ke haɗuwa, su ne kuma ke sanin laƙabin mutum, da gonar da ya sayar, da dalilin da ya sa ɗansa ya shiga jirgin ruwa bai sake waiwayowa ba. To, in mai takardu yana bukatar majalisa, ina ga mu da takardarmu ta fara da kintace?

Mu a nan abin da muke da shi na farko shi ne zaure. Labarin da zauren gidanmu ya ba ni gajere ne, mai tsabta kamar farar riga ranar salla: kakana almajiri ne daga ƙasar Gobir, ya taso arewa da allonsa, ya sauka wajen Kornaka, Allah ya sa masa albarka a noma, daga baya ya matso Dakoro. Haka na ji daga mahaifina, haka na ji daga baffana, kalma a kan kalma. Sai da na girma na fara koyar da nazarin rubutu na lura cewa labarin da mutum biyu ke faɗa ba tare da saɓani ko na kalma ɗaya ba, haddarsa aka yi. Tunawa ba ta zuwa a shirye haka. Ba na zargin iyayena da ƙarya. Zaure wurin mutunci ne, a nan ake karɓar masu neman aure da masu gaisuwar mutuwa, kuma tarihin da ake ajiyewa a wurin shi ne wanda gida ya zaɓa ya tsaya a kansa. Abin da bai dace da rawanin maigida ba, a hankali ake daina ambatonsa, har ya zama jika bai taɓa jinsa ba.

Na biyu ita ce majalisa. Ba fadar samari nake nufi ba, irin wadda ta bazu a garuruwanmu tun farkon shekarun 1990, inda ake dafa shayi ana jiran aikin da bai zo ba. Su waɗannan labarin gobe suke yi. Ina nufin tabarmar tsofaffi a bakin kasuwa, kusa da mai shayi ko mai fura, inda Bagobiri da Bakatsine da Ba'adare da Bafillace da Buzu ke zama a inuwa ɗaya. Dakoro gari ne na baƙi. Tsakanin shekarun 1930 da 1950 manoma sun yi ta kwararowa daga kudu, wasu don ƙarancin gona, wasu don gudun lanho da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a watan Afrilu na 1946. Suka sari daji, suka gina rijiyoyi, suka yi ta matsawa har bakin Tarka, har dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ba ta arewa. Mutanen da suka zo tare sun san juna tun ba su da komai, kuma ƴaƴansu sun gaji wannan sani. A tabarmar nan ba a lissafi da shekarun Nasara. Ana cewa an haifi wane bayan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ko shekarar fara ta 1931, ko kuwa wance ta yi aure kafin El Buhari, wato 1984. Wanda ya iya jera waɗannan sunaye ya sami kalandar da ta fi ta magatakarda gaskiya.

Hutun damina guda na yi ina zama a wannan tabarma, da kaye a aljihu. Na sami sunan rijiyar da kakana ya fara sauka a bakinta, da sunan wanda ya ba shi aron iri. Amma duk lokacin da na tambayi garin da ya fito, sai a dubi juna a yi murmushi. Ran nan wani dattijo ya bari sai da aka watse, ya ce da ni:

“Mushe, kana ta ɗibar ruwa a randa, ga rijiya can. Kakanka yana da ƙane wanda bai biyo shi ba. Ƙanen ya rasu, amma ɗansa na nan a ƙauyensu, can gulbi. Sai dai fa wurin da za ka same shi, ba wurin zaman malami ba ne.”

Na gane nufinsa. A wasu ƙauyuka na gulbin Maraɗi har yanzu akwai ragowar Anna, waɗanda mutanen Adar ke kira Azna, masu riƙe da al'adun noma da farauta na kafin musulunci. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin rayuwarsu, ya fitar da babban littafi a kansu a 1975; mu kuwa da muka fito daga cikinsu sau da yawa a littafin baƙo muke fara jin labarinsu. A wajensu giyar dawa tana cikin gayya da biki da makoki. Baffan nawa da ban taɓa gani ba, a gindin tukunyarta yake wuni.

A nan tambayar ta tsaya mini a wuya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Addini ya kwaɗaita mana sanin dangi domin sada zumunci, Hausawa kuma suka ce zumunta a ƙafa take. Addinin nan dai ya hana musulmi zama a wurin da ake shan giya, ko da bai kurɓa ba. Bayan haka ni malamin makaranta ne a garin da labari ke riga mota isa. Sannan ga tambayar mai bincike: wace daraja ke ga maganar mutumin da alƙali ba zai karɓi shaidarsa ba? Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san ba a karɓar shaida sai ta adali, mashayi kuwa ba ya cikin adalai.

Na kai wannan magana wurin wani malamin fiƙihu da nake girmamawa, ina sa ran ya rufe mini ƙofa in huta. Sai ya buɗe wata. Ya tuna mini cewa malaman Malikiyya sun yarda da abin da suke kira shaidar ji a kan wasu al'amura, daga ciki har da nasaba da mutuwa da aure da wakafi, domin abubuwa ne da ke daɗewa har waɗanda suka gani da ido su ƙare. Sharaɗinta shi ne maganar ta yaɗu, an daɗe ana jinta a bakin amintattu da waɗanda ba amintattu ba. Wato shari'a da kanta ta san cewa asalin mutum ba ya zama a bakin salihai kaɗai, a bakin gari yake. Game da zama kuwa bai sassauta ba. Ya ce in je in gaida ubana, hakki ne a kaina, amma kada in zauna inda ƙwarya ke zagayawa.

Akwai kuma abin da Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddima a 1377, inda ya jero dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labari. Daga ciki akwai son ɓangare, da yarda da mai ba da labari fiye da kima, da neman kusanci ga manya ta hanyar yabo. In muka auna da wannan sikeli, wa ya fi hatsari ga mai neman asali: maroƙin da ke jero maka kakanni har zuwa Bawa Jan Gwarzo yana duban aljihunka, ko tsohon da duniya ta riga ta yanke masa hukunci, ba ya da sauran mutuncin da zai kare? Ina jin nauyin faɗar haka, domin ina ƙaunar maroƙa kuma ina koyar da fasaharsu a aji. Amma sana'arsu ɗaukaka ce. Ban taɓa jin maroƙin da ya tsaya a ƙofar gida ya ce kakan maigida gudun lanho ya yi ba.

Na hau mota, tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa kudu, na ƙarasa da kabukabu. Da hantsi na isa, kafin a buɗe tukwane. Na same shi zaune a kan turmi a ƙofar wani shinge, tsoho siriri, da zanen Gobirawa a kumatunsa irin na kakana sak, har gabana ya faɗi. Na durƙusa na ce, “Baba, ina kwana?” Na faɗi sunan mahaifina da na kakana. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce:

“Ashe gidan Alhaji sun tuna da hanya. Zauna, ɗana. Ko kana tsoron turmin ma ya sha?”

Muka yi awa guda mu biyu, kuma abin da na samu bai cika shafi ba. Yana farawa sai ya ɓace, ya haɗa sunan mutum biyu, ya ce ya manta. Na fara tunanin na yi asarar kuɗin mota. Da rana ta take abokan zamansa suka fara isowa, su uku, ni kuma na tashi na koma gindin wani gao, nesa kaɗan, inda nake jin muryoyi ba na ganin ƙwarya. Ban sani ba ko wannan tazara ta wanke ni a wurin malamina. Na dai faɗa masa yadda aka yi. Daga can na ji abin mamaki. Baba ya ce musu jikan wansa ne ya zo tambaya, ya fara labarin da ya gagare shi da safe, sai ɗaya ya katse shi ya ce ƙarya yake, ba shekarar fara ba ce, bayanta ne da damina biyar ko shida, domin yayarsa na goye a lokacin. Wani ya ce ba jaki aka kama ba, saniya ce. Aka yi ta gardama, ana zagin juna irin na taubasai, labari kuwa yana miƙewa kamar zare a hannun mai saƙa.

Da na koma masauki na yi ta juya abin a raina. Masu cewa giya ke fito da gaskiya ba su zauna kusa da mashaya ba. Tana fito da gaskiya da ƙarya da kuka da alfahari duk a ƙwarya ɗaya. Abin da ya gyara labarin nan shi ne gardama. A zaure ba a ƙaryata maigida, yaro ba ya gyara wa babba, suruki ba ya ɗaga kai. A wurin sha kuwa, na shayi ne ko na dawa, kowa ya tuɓe rawaninsa a ƙofa, ana iya ce wa mutum ƙarya kake ba tare da zumunci ya tsinke ba. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014 da sunan ƙasarmu, wannan aikin yake yi: yana ba da izinin faɗar abin da ladabi ya hana. Tunanin tsoho ɗaya rijiya ce da ta fara ƙafewa. Tsofaffi huɗu masu ikon ƙaryata juna, su ne ma'ajiyar tarihi. Washegari na sayi goro da sukari da ganyen shayi, na roƙe su su zo da sassafe gindin gaon nan. Suka zo, suna yi mini ba'a cewa na tara su a kan ruwan zafi. Gardamar ba ta kai ta jiya armashi ba, amma ta wadatar.

Ga abin da ya tsaya bayan an tankaɗe. Kakana ɗan gidan sarkin noma ne na Anna. Ba ya da allo lokacin da ya tashi. Dogarai sun zo karɓar lanho, aka kama dabbar gidansu, ya ɗaga wa ɗaya hannu, daren nan ya yi arewa don kada a tura shi aikin hanya. A wajen Kornaka ya zauna gidan wani malami yana yi masa noma, a nan ya musulunta, ya yi karatu da girmansa, ya auri ƴar gidan. Sau ɗaya ya komo ƙauye, ya nemi ƙanensa ya bar tukunya ya bi shi, ƙanen ya ƙi, suka rabu ba sallama. Ke nan allon da zaure ya ba ni gaskiya ne, gaba kawai aka matso da shi, aka share shekara ashirin da ɗan'uwa guda. Ni kam mutumin da na samo ya fi wanda aka ba ni girma a idona.

Ba na so mai karatu ya ɗauka duk abin da aka ji a irin wannan wuri zinariya ne. Alex Haley, Ba'amurken da ya fitar da Roots a 1976, ya je ƙauyen Juffure na Gambiya a 1967, wani tsoho ya jero masa asalin da ya yi daidai da wanda ya zo nema. Daga baya masu bincike suka nuna cewa an riga an san abin da baƙon ke so ya ji kafin ya iso. Baƙo mai kaye da goro, ana iya ɗinka masa kaka daidai wuyansa. Saboda haka ban gaya wa tsofaffin labarin zaure ba sai da suka gama nasu. Na kuma koma wurin gwaggona, wadda ta haura tamanin, na ambaci sunan ƙanen kakana kawai, ban ƙara komai ba. Ta yi shiru, ta share ido da gefen zane, ta ce, “Wa ya gaya maka?” A wurina wannan ta fi hatimin magatakarda. Na lura kuma, da kunya, cewa shekara arba'in ina zaune kusa da ita ban taɓa tambayarta ba, domin mun saba ɗaukar tarihi a bakin maza. Mata suna da tasu majalisar a bakin rijiya da gindin turmi, kuma su ne suka san wa ya sha nonon wa.

Saura abin da ya fi nauyi. Gardama ba ta da linzami. Cikin gyara labarin kakana, tsofaffin suka biyo ta kan waɗanda suka yi hijira tare da shi, har suka faɗi yadda kakar wani gida sananne a garinmu ta shigo hannun mutanen da suka riƙe ta: a shekarar yunwa aka ba da ita, a kan damman hatsi. Suka faɗi sunanta, da sunan wanda ya karɓa, da yawan damman. Hannuna ya riga tunanina, na rubuta. Jikokin matar nan biyu sun zauna a ajina. Faransa ta haramta cinikin mutane a yankin nan tun 1905, dokar ƙasarmu ta 2003 ta mai da bauta laifi, a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar. Amma kowa ya san cewa har yau in aka zo neman aure ana aika a binciko asali a ɓoye, kuma kalma ɗaya na iya mai da lefe. Abin da ke cikin kayena yana iya kashe auren yarinyar da na koya wa haɗa jimla.

Wani abokin aikina, malamin tarihi, ya ce in ajiye. Hujjarsa mai ƙarfi ce: shiru ne ya sa bauta ta daɗe, kuma in kowane mai bincike ya yage shafin da ke da zafi, cibiyoyi irin CELHTO ta Yamai, da aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, kirarin sarakuna kaɗai za su tara. Matar nan an zalunce ta sau ɗaya da aka musanya ta da hatsi. Share sunanta zalunci ne na biyu. Na yarda da rabin maganarsa. Amma ni ba a ba ni wannan labari ba, tsinta na yi. Asalina na je nema, shi ke da hakki a kaina, ni kuma nake da hakki a kansa. In na tona shi, kaina na tona, kuma ko shi sai da na nemi izinin baffana da gwaggona kafin in rubuta wannan. Na maƙwabci amana ce da ta faɗo hannuna saboda tsofaffi huɗu sun saki jiki da ni. Majalisa tana faɗar abu ne don ta san iska za ta ɗauke shi. Mai alƙalami yana karya wannan yarjejeniya ko bai yi niyya ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ma kaye.

Shekaru da dama ina ba ƴan ajina aikin hutu: kowa ya je ya rubuto tarihin gidansu da Hausa, ya fassara shi da Faransanci. Ina alfahari da wannan aiki, ban taɓa tunanin cewa akwai yaron da zai koma gida ya yi tambaya uwarsa ta kwana tana kuka ba, ko wanda zai ƙaga kaka don kada ya tashi a gaban aji hannu wofi. Ban daina ba da aikin ba, na dai sauya shi. Yanzu ba a karantawa a gaban aji sai wanda ya so. Ina gaya musu su tambayi mace ɗaya aƙalla, su zauna inda tsofaffi ke gardama, kada su faɗi abin da suke fata kafin a ba su amsa, kuma duk abin da ya shafi gidan wani su bar shi inda suka same shi.

Shafin nan kuwa ban yage shi ba, ban kuma bar shi yadda yake ba. Na kwafe shekarar da yawan damman da yadda abin ya faru a wani kaye, ba suna, ba gari, na ba abokina malamin tarihi. Na asalin na sa a ambulan na liƙe, yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardar kakana. In wata rana ɗaya daga cikin jikokinta ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni, nasa ne. Da salla ƙarama na aika wa Baba turmin atamfa na matarsa da buhun gero. Ya aiko a gaya mini geron ya isa, kuma in kwantar da hankalina, tuwo za a yi da shi.